Maruƙana suna zawo da jini, ɗana ma ya kwanta: salmonela ce?

"Assalamu alaikum, likita. Ina da shanu 23. Wata biyu da suka wuce na sayo shanu biyu masu ciki na haɗa su da sauran. Ɗaya ta haihu lafiya, ɗayar ta yi ɓari. Bayan kamar mako uku sai maruƙana suka fara zawo mai wari da jini-jini. Biyu sun mutu, uku suna kwance duk da allurar da nake yi musu. Yanzu kuma ɗana mai shekara 9, wanda shi ke taya ni ba su madara, ya kwanta da zazzaɓi da gudawa, wasu suna cewa taifod ce. Wani ya ce mini salmonela ce ta shigo garken. Mece ce ita? Daga shanun yaron ya ɗauka? Me zan yi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaron lafiya, ya mayar maka da alherin abin da ka rasa. Tambayarka ta ƙunshi abu uku: mece ce cutar da ke kashe maka maruƙa, ko akwai alaƙa tsakaninta da ciwon ɗanka, sannan ta ina za a tare ta. Kafin in shiga bayani, idan ba a riga an kai yaron asibiti ba, a kai shi yau, kuma a gaya wa likitan a fili cewa yana taɓa maruƙa masu zawo. Ni likitan dabbobi ne, maganin yaro aikin likitan mutane ne, amma wannan bayanin zai iya sauya irin gwajin da za a yi masa.

Ba zan iya yanke maka hukunci daga nesa cewa salmonela ce ba, domin gwaji ne kawai yake tabbatar da ita. Sai dai yadda ka jero abubuwan, wato baƙin shanu, ɓari, zawo mai jini a maruƙa, sannan mai kula da su ya kwanta, ya isa ya sa in ɗauke ta a matsayin abin zargi na farko. Don haka ka yi aiki kamar ita ce, har sai gwaji ya nuna akasin haka.

Mece ce salmonela

Ƙwayar cuta ce daga dangin bakteriya, mazauninta hanjin dabbobi da na mutane, kuma babbar hanyarta ita ce: ta fita a cikin kashi, ta shiga ta baki. An sa mata sunan Daniel Salmon, likitan dabbobi na Amurka, ko da yake Theobald Smith, wanda ke aiki a ƙarƙashinsa, shi ne ya ware ta daga jikin alade a 1885. Yau an san nau'o'inta sama da 2,500, kuma wannan yawan shi ke rikita mutane, domin ba halinsu ɗaya ba. Wasu sun kama gida a jikin dabba guda: Galinarum da Pulorum na kaji ne, Kolerasuwis ta alade ce, Abotus-obis tana zubar wa tumaki ciki, Dublin kuma ta shanu ce. Wasu, irin su Taifimuriyum da Enteritidis, ba su zaɓen masauki; shanu, awaki, kaji, ɓeraye, tsuntsaye, ƙadangaru da mutane duk suna ɗaukarsu.

A nan ne maganar taifod ta shigo. Ƙwayar da ke kawo taifod, wato Taifi, ita ma salmonela ce, amma a jikin mutum kaɗai take rayuwa, daga mutum take zuwa mutum ta gurɓataccen ruwa ko abinci. Saniya ba ta ɗauke da ita. Saboda haka idan daga maruƙan yaronka ya kamu, ba taifod ba ce, 'yar'uwarta ce. Bambancin yana da amfani: taifod kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ta bayyana, zazzaɓinta yana hawa a hankali, ita kuwa ta dabbobi takan tashi cikin awa 6 zuwa 72 da shigarta, da murɗar ciki da gudawa da amai da zazzaɓi. Gwajin jini na Widal da ake yawan dogara da shi ba ya raba gardama a nan. Abin da ke rabawa shi ne a shuka bayan gida ko jini a ɗakin gwaji a ga abin da ya tsiro.

Yadda take kama shanu

A shanu, Dublin da Taifimuriyum ne suka fi yin ɓarna. Maraƙin da ya kai mako 2 zuwa 6 shi ya fi shiga haɗari. Da farko za ka ga ya yi sanyi, ya ƙi shan nono, kunnuwa sun zube, zafin jikinsa ya kai digiri 40.5 ko 41, alhali lafiyayye bai cika wuce 39.5 ba. Sai zawo ya biyo, mai ruwa, mai ɗoyi, wani lokaci da majina da jini da wasu zare-zare masu kama da fatar hanji. Wanda ya taɓa jin warin ba ya mantawa da shi. Da zawon ya yi ƙarfi zazzaɓin kan sauka, shi ya sa mai aunawa a makare yake zaton babu zazzaɓi.

Dublin tana da wani hali da ya sa nake tsoronta fiye da sauran: ba ta tsayawa a hanji, takan kutsa cikin jini. Maraƙi zai iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu ba tare da ya yi wani zawo na kirki ba. Wani kuma numfashi ne zai yi masa wuya, a yi ta yi masa maganin ciwon huhu. Waɗanda suka tsira wasunsu gaɓoɓinsu kan kumbura bayan makonni, wasu bakin kunne ko ƙarshen wutsiya ya bushe ya faɗi. A manyan shanu kuwa sai nono ya ƙafe farat ɗaya, ga zazzaɓi da zawo, mai ciki kuma ta yi ɓari, galibi a watannin ƙarshe, wani lokaci ba tare da ta nuna wata alamar ciwo ba.

Amma dole in faɗa maka cewa akwai masu kama da ita. Zawon kwana huɗu na farkon rayuwar maraƙi ya fi zama na ƙwayar ikolai. Na mako ɗaya zuwa uku sau da yawa rotabairos ne ko kiriftosforidiyum, wanda shi ma yana kama mutane. Zawo mai jini da yunƙuri bayan mako uku yana iya zama koksidiya, kuma maganinta daban ne gaba ɗaya. Ɓarin ma zai iya zama na burusela, wadda makiyaya ke kira bakkale, ita ma tana shiga mutum ta ɗanyen nono. Ba abin mamaki ba ne a tarar da biyu daga cikinsu tare a jikin maraƙi guda.

Saniyar da ba ta ciwo

Wannan shi ne wurin da nake so ka fi tsayawa. Hankalin mai garke kullum yana kan dabbar da ke kwance, alhali sau da yawa mai raba cutar tana tsaye tana tuƙa, jikinta sumul. Saniyar da ta taɓa kamuwa da Dublin ta warke tana iya riƙe ƙwayar a matsarmamarta, ko a kaluluwar hanji, ko a hantsa, na tsawon watanni, wasu ma shekaru. Ba kullum take fitar da ita ba. Sai ta shiga wahala: doguwar tafiya a mota, yunwa da ƙishirwa a hanya, sauyin abinci, tsutsar hanta, ko haihuwa, wadda ta fi duka. A lokacin sai ta riƙa zubar da ƙwayoyin a kashi, da ruwan haihuwa, da nono.

Ka duba labarinka da kyau. Shanu biyu masu ciki sun sha hanya, sun sauka a baƙon wuri, aka haɗa su da garke a ranar, ɗaya ta haihu, ɗaya ta yi ɓari. Duk abin da ke tayar da ƙwayar da ke kwance ya taru a kansu. Ban ce lallai su ne suka kawo ta ba, domin ɓeraye a ɗakin ajiyar abinci, ko kashin tsuntsaye a ruwan sha, ko kajin da ke yawo a cikin komin abinci duk suna iya kawowa. Amma da ni ne a wurin, kansu zan fara.

Kuma ƙwayar tana da naci. Takan yi watanni a cikin danshin taki da ƙasar turke da busasshen kashi. Sanyin firiji yana rage mata hayayyafa, daskarewa ma ba ta kashe ta. Zafi ne yake kashe ta, da hasken rana, da bushewa bayan wanki mai kyau.

Na taɓa yin jinyar wani garke inda maruƙa suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya har kusan wata uku. Sau uku ina sauya magani, kowane karo su ɗan farfaɗo, sabbin haihuwa kuma su faɗi. Kuskurena shi ne na tsaya kan allura, ban zaga na ga yadda ake aiki ba. Ranar da na je da asuba na tsaya ina kallo, sai na ga abu biyu. Ɗakin da ake kai saniya mai naƙuda shi ne dai ɗakin da ake killace marar lafiya, saboda shi kaɗai ke da rufi mai kyau. Sannan bokiti ɗaya ake zagayawa da shi, a fara da maraƙin da ke kwance don tausayi, a ƙare da jarirai. Muka raba ɗakunan, kowane maraƙi ya samu bokitinsa, aka juya tsarin shayarwa ya zama daga ƙanana masu lafiya zuwa marasa lafiya a ƙarshe. Mutuwar ta tsaya ba tare da na kawo wani sabon magani ba. Tun daga ranar ba na rubuta magani a irin wannan matsala sai na ga hannun da ke ba da abincin.

Maruƙan da ke kwance yanzu

Abin da ya fi kashe maraƙi mai zawo shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki. Ka ja fatar wuyansa ka saki; idan ta daɗe ba ta koma ba, idanu kuma sun faɗa, ya yi asarar ruwa mai yawa. Maraƙi mai kilo 40 da ya rasa kashi 8 cikin 100 na nauyinsa yana bin bashin sama da lita 3 na ruwa, ban da wanda yake ci gaba da zubarwa. Idan yana iya tsotsa, ka ba shi ruwan gishirin maruƙa da ake haɗawa don zawo, kamar lita 2 a kowane karo, sau biyu ko uku a rana, a tsakanin lokutan shan nono. Kada ka yanke masa nono. Ruwan gishiri ba ya ƙosar da shi, kuma hanjin da ya ji rauni yana buƙatar abinci kafin ya gyaru. Wanda ya kasa tsayawa ko ya daina tsotsa, ƙarin ruwa ta jijiya yake buƙata, kuma wannan aikin likita ne. Ka sa su a busasshen wuri mai ɗumi, nesa da sauran.

Game da allurar da kake yi, ba ka faɗi sunanta ba, amma rashin aikinta bai ba ni mamaki ba. Salmonela ta yi suna wajen bijire wa magani. A shekarun 1990 wani nau'in Taifimuriyum da ake kira DT104 ya bazu a shanun Birtaniya da wasu ƙasashe, yana jure magunguna biyar a lokaci guda, ciki har da ampisilin da sitreptomaisin da tetrasaikilin, waɗanda su ne hannu ya fi saurin kaiwa gare su. Maraƙin da cutar ta shiga jininsa yana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, babu shakka, tare da maganin sauke zazzaɓi da kumburi. Amma a zaɓe shi bisa gwaji, a ba da shi daidai nauyi, a cika kwanakinsa. Bin garke gaba ɗaya da allura don kariya ba na goyon bayansa ko kaɗan. Ba ya wanke saniyar da ke ɓoye da ƙwayar, yana kashe ƙwayoyin hanji masu amfani da ke tare mata hanya, kuma yana horar da ita ta jure maganin da wataƙila ɗanka zai buƙata gobe. Duk dabbar da aka yi wa allura kuma, a kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar kafin a sha nononta ko a ci namanta.

Ka nemi likitan dabbobi ya ɗauki kashin maruƙan, zai fi kyau daga wanda bai sha magani ba tukuna. Idan wani ya sake mutuwa, kada a jefar da shi, kada kuma a feɗe shi a gida. Likita ya ɗauki hanta da saifa da huhu da matsarmama, domin a nan aka fi samun Dublin. Gwajin kashi sau ɗaya da ya fito babu komai ba ya wanke babbar saniya, tunda fitar da ƙwayar take yi tana tsayawa. Akan maimaita, ko a haɗa da gwajin jini a sake shi bayan wasu watanni. Saniyar da ta ci gaba da fitowa da cutar, shawarata a fitar da ita daga garke zuwa yanka ƙarƙashin duban likita. Sayar da ita ga wani makiyayi kai masa wutar da ta ƙone ka ne.

Mutanen gida

Ko daga shanun yaron ya ɗauka? Mai yiwuwa ne ƙwarai. Yaron da ke sa yatsa a bakin maraƙi don koya masa sha, ya riƙe bokiti, ya goge hannu a riga, sannan ya ci abinci, ya gama bin hanyar cutar tun daga farko har ƙarshe. Hanya ta biyu ita ce madarar da ba a tafasa ba. Barin ta ta yi tsami ba ya ba da tabbacin ƙwayar ta mutu.

Ga yawancin manya masu ƙarfi, ciwon kan wuce cikin kwana 2 zuwa 7 da shan ruwan gishiri da sukari kawai, kuma likitoci ba su cika ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba a irin wannan hali, domin yana iya tsawaita zaman ƙwayar a hanji. Lamarin ya bambanta ga jarirai, tsofaffi, masu ciki, masu cutar sikila, masu ƙanjamau, da yaran da tamowa ko zazzaɓin cizon sauro ya raunana. A jikinsu takan shiga jini, ta kai ga ƙashi ko ƙwaƙwalwa, kuma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara tana cikin manyan ƙwayoyin da ake samu a jinin yara masu zazzaɓi mai tsanani. Dublin kuma, idan ta kama mutum, ta fi sauran saurin shiga jini. Don haka jini a bayan gida, zazzaɓin da ya ƙi sauka, amai da ke hana shan ruwa, ƙarancin fitsari ko yawan barci, duk alamu ne na a koma asibiti ba tare da jira ba. Kada a ba shi maganin tsayar da gudawa alhali akwai jini ko zazzaɓi.

Daga yau a cire yara daga aikin maruƙa har sai an shawo kan lamarin. Babba ɗaya ya ɗauki jinyar, da takalmin roba da rigar aiki da ba sa shiga ɗaki, ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa komai, kuma kada ya zama shi ne mai dafa abinci. Duk madarar da za a sha a tafasa ta. A masana'anta digiri 72 na daƙiƙa 15 ake yi, a gida kuwa ta tafaso sosai, sannan a zuba ta a mazubi mai tsabta, ba wanda aka tatso ta a ciki ba. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. A 1985 a jihar Ilinoi ta Amurka, madarar da aka riga aka dafa a masana'anta ta sake gurɓata, gwaji ya tabbatar da kamuwar mutum sama da 16,000. Nama a dafa shi har ciki, wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyensa a wanke su kafin su taɓa abin da za a ci ba dahuwa. Dabbar da ke kwance da wannan ciwo kuma kada a yi saurin yanka ta don kada a yi asara, domin ƙwayar tana cikin jininta da namanta. Ɗan tayin ɓari da mabiyiya da gawa a binne su da zurfi ko a ƙone, da safar hannu, inda kare ba zai tono ba.

Bayan wannan ta lafa

Duk dabbar da ka sayo nan gaba ta yi aƙalla mako 3 zuwa 4 a ware, da kominta da bokitinta, kuma mai ciki ta haihu a can kafin ta shiga cikin sauran. Wurin haihuwa ya zama busasshe, kada ya haɗu da wurin jinya. Jaririn maraƙi ya sha dakashi da wuri, kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a awannin farko, domin bayan kwana ɗaya hanjinsa ya daina karɓar garkuwar da ke ciki. Wajen wanke turke, a kwashe kashin tukuna, a goge da sabulu, sannan a zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a bar wurin ya bushe. Maganin da aka zuba a kan kashi asararsa aka yi. A rufe abinci daga ɓera da tsuntsu, a raba kaji da komin shanu, taki kuma a tara shi ya yi zafi ya ruɓe kafin a kai shi inda dabbobi ke kiwo.

Akwai allurar rigakafin Dublin da Taifimuriyum a wasu ƙasashe, ana yi wa uwa kafin haihuwa don kariyar ta bi dakashi. Tana rage tsananin ciwo da mutuwa, amma ba ta kawar da ƙwayar daga garke. Ƙasashen da suka ci nasara a kanta, da gwaji da hana zirga-zirgar dabbobi suka ci ta. Suwidin ta ɗaura ɗamarar yaƙi da cutar bayan annobar 1953 da ta taso daga wata mayanka ta kwantar da mutum kusan 9,000, Denmak kuma tun 2002 take auna madarar garkunanta don gano masu ɗauke da Dublin.

Idan sakamakon gwaji ya fito, na maruƙan da na yaron, ka nuna wa kowane likita takardar ɗayan. In nau'in ya zo ɗaya, an san tushen, kuma jerin magungunan da ƙwayar ta bijire wa a maraƙi zai taimaka wa likitan yaron wajen zaɓe. Ka rubuto mini da abin da aka samu, da shekarun maruƙan da suka mutu da sunan allurar da ka yi, sai mu duba abin da ya dace da shanun nan biyu.